Intabiyun Aikin Injiniyan Bakend: Abin da Ake Aunawa da Yadda Ake Shirya Masa

Yawancin manhajojin da ake amfani da su a waya ko a kwamfuta suna da ɓangare biyu. Akwai wanda mai amfani ke gani yana dannawa, akwai kuma wanda ke can kan sabar kamfani, inda ake karɓar buƙata, a tantance ta, a rubuta a rumbun bayanai, a mayar da amsa. Wannan na biyun shi 'yan sana'ar ke kira bakend. Injiniyan da ke riƙe da shi ne ke da alhakin ganin kuɗin da aka tura sun isa sau ɗaya tak, kalmar sirrin mutane ba ta fita ba, saba kuma ba ta durƙushe ba ranar da jama'a suka yi mata rubdugu. Daga wannan alhaki intabiyun aikin ya samo siffarsa. Kod ɗin da ke aiki ranar da komai ke lafiya, ɗalibin da ya yi wata shida yana koyo ma zai rubuta shi. Kamfani yana biyan albashi ne saboda ranar da netwok ya yanke ana tsakiyar aiki, ko mutum biyu suka taɓa asusu ɗaya a daƙiƙa guda. Kusan kowace tambaya da za a yi wa mai neman aikin, in aka bi ta a hankali, can take komawa.

A manyan kamfanoni irin su Google, Amazon da Microsoft, tantancewar hawa-hawa ce. Ana fara duba takardar CV, sai jami'in ɗaukar ma'aikata ya kira a yi gajeriyar hira, sai jarrabawar kod ta intanet a dandali kamar HackerRank ko Codility, sai zama da injiniya guda na kamar minti 45, daga nan zagayen ƙarshe, wanda kan ƙunshi zama huɗu ko biyar a rana ɗaya ko biyu. Ƙananan kamfanoni sukan taƙaita, su ba da aikin gida da zama biyu. Kamfanonin biyan kuɗi na Legas, irin su Paystack, Flutterwave, Interswitch da Moniepoint, da hanyoyin aikin nesa irin su Andela da Toptal, kowanne da nasa tsari, amma ginshiƙan kusan ɗaya ne: kod, rumbun bayanai, zana tsari, da halin mutum. Abin kan ɗauki makonni, wani lokaci ya haura wata guda, don haka shirun kwana biyar ba alamar an ƙi mutum ba ce.

Takardar CV ba ta buƙatar dogon bayani. Shafi ɗaya ya ishi wanda bai daɗe a sana'a ba. Abin kiyayewa shi ne duk layin da aka rubuta a cikinta gayyatar tambaya ce. Matashin da ya jera Kubernetes da Kafka da Redis don ya kalli bidiyonsu a YouTube ya haƙa wa kansa rami, domin mai tambaya zai zaɓi ɗaya ya ce, “Ina ka yi amfani da shi, me ya lalace, yaya ka gyara?” Ƙaramin aiki guda da mutum ya gina da hannunsa, ya ɗora a GitHub, yake iya bayanin kowace shawara da ya yanke a cikinsa, ya fi sunayen fasaha ashirin nauyi.

Jarrabawar kod ita ta fi tsorata masu farawa, kuma tana da tarihinta. A da, wasu kamfanoni suna yin tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa marasa alaƙa da aiki. A 2013 Laszlo Bock, wanda ke shugabantar sashen ma'aikata na Google a lokacin, ya shaida wa jaridar New York Times cewa sun gano irin waɗannan tambayoyi ɓata lokaci ne. Abin da ya rage shi ne tambayoyin algoridim da tsarin jera bayanai. Su ma ba su tsira daga suka ba. A 2015 Max Howell, wanda ya ƙirƙiri manhajar Homebrew da ɗimbin injiniyoyi ke amfani da ita, ya yi ƙorafi a Twitter cewa bai samu aiki a Google ba saboda tambayar juya bishiyar bayanai a kan allo. Sukar tana da gaskiyarta, don injiniyan bakend zai iya shekara bai juya bishiya ko ɗaya ba. Amma matashin da ke neman aikinsa na farko ba shi ke tsara ƙa'idar ba, kuma jayayya da ƙofa ba ta buɗe ta.

Misali ɗaya ya isa ya nuna yadda zaman ke tafiya. A ce an ba mutum jerin adadin kuɗi, aka ce ya nemo biyu da in an haɗa su za su ba da wani adadi. Hanyar da ke fara zuwa a zuciya ita ce a ɗauki kowane adadi a gwada shi da duk sauran. Tana aiki, kuma ba laifi a faɗe ta. Sai dai in jerin ya kai miliyan ɗaya, gwajin zai kai kusan sau biliyan 500. Hanya ta biyu ita ce a bi jerin sau ɗaya, ana ajiye duk adadin da aka wuce a teburin hash, ana duba ko cikon wanda ke hannu ya riga ya shiga teburin. Aikin ya dawo taki miliyan ɗaya, an biya da ƙarin wurin ajiya. Wannan cinikin, na sayen lokaci da wuri, shi mai tambaya ke son ji daga bakin mai neman aiki. Yana kuma sauraron abin da ya zo kafin a taɓa madannai: shin jerin zai iya zuwa wayam? Akwai adadi ƙasa da sifili? Adadi ɗaya zai iya maimaituwa? In babu amsa me za a mayar? Bayan an gama rubutu, yana so ya ga mutum ya ɗauki ƙaramin misali ya bi kod ɗinsa layi-layi, ya kama kuskurensa da kansa kafin a nuna masa.

Nan ne tarbiyya kan yi wa wasu matasa cikas ba su sani ba. Wanda ya taso a gidan da ba a katse babba, ba a yi masa tambaya a kan tambaya, yakan karɓi matsala ya sunkuyar da kai ya yi tsit na minti goma yana tunani. A wurinsa ladabi ne. A wurin mai tambaya kuwa, minti goma ne da bai ga komai ba, kuma ba shi da abin rubutawa a takardar maki. A wannan zama ana son tunani a fili: “Ina ganin zan fara da hanya mai sauƙi, sannan in rage mata nauyi.” “Nan na maƙale, ina tunanin ko in jera su tukuna.” Wanda ya faɗi inda ya maƙale yakan samu ɗan haske daga mai tambaya, kuma karɓar hasken da amfani da shi ma maki ne, domin haka aikin yake a ofis. Wannan ɗabi'a ba ta zuwa ranar intabiyu. Sai an saba da ita tun a gida, ana warware matsala da murya, ko a samu aboki ya zauna a kujerar mai tambaya da agogo a hannu.

Wajen shiri, littafin Gayle Laakmann McDowell, Cracking the Coding Interview, wanda bugunsa na shida na 2015 ke ɗauke da tambayoyi 189, da dandalin LeetCode, su suka fi shahara. Haddar amsoshi ba ta kai mutum ko'ina, don da an sauya sharaɗi ɗaya hadda ta watse. Tambayoyin dubbai ne amma salon warware su bai taka kara ya karya ba: teburin hash, bincike ta raba biyu, manuni biyu a jeri ɗaya, bin bishiya da zanen alaƙa, da tsara aiki daga ƙananan amsoshi zuwa babba. Yare kuma a zaɓi wanda hannu ya saba da shi, Python ne ko Java ko Go ko JavaScript. Ranar jarrabawa ba ranar burge mutane da sabon yare ba ce.

Inda ake rarrabe injiniyan bakend da sauran masu rubuta kod shi ne rumbun bayanai, kuma nan ya kamata mafi yawan lokacin shiri ya tafi. Za a nemi mutum ya rubuta SQL, ya haɗa tebur biyu ko uku, ya tara lissafi rukuni-rukuni. Za a tambaye shi indeks: me ya sa yake hanzarta nema, me ya sa ba a sa shi a kowane ginshiƙi. Amsar ita ce kowane indeks sai an sabunta shi duk lokacin da aka rubuta sabon layi, don haka saurin karatu ana biyansa da nauyin rubutu. Wanda ya taɓa sa EXPLAIN a gaban tambayar da ke jan ƙafa a PostgreSQL ko MySQL, ya ga rumbun yana bin teburi gaba ɗaya, ya ƙara indeks ya ga bambanci, muryarsa daban take da ta wanda ya karanta kawai. Akwai kuma sanannen kuskuren nan da ake yawan tambaya: shafi ya ɗauko oda 100 da tambaya ɗaya, sannan ya koma rumbu sau 100 yana neman sunan mai kowace oda. Tambaya 101 ke nan a inda ɗaya ko biyu sun isa.

Tambayar kuɗi ta fi kowacce tona zurfin mutum. A ce za a tura naira 5,000 daga wani asusu zuwa wani. Aiki biyu ne, cirewa da zubawa, kuma dole su faru tare ko kada ɗaya ya faru. Wannan shi ne amfanin tiransakshan. Yawancin masu neman aiki sukan kai nan. Sai mai tambaya ya ƙara: asusun yana da naira 10,000, buƙata biyu ta cire 8,000 suka iso lokaci guda, me zai faru? In kod ɗin yana karanta ragowar kuɗi, ya duba sun isa, sannan ya rubuta sabon adadi, to buƙatun biyu za su iya ganin 10,000, kowacce ta amince, a fitar da 16,000. Sa su cikin tiransakshan kawai bai hana wannan ba a kowane hali, domin ya danganta da matakin keɓewar da rumbun ke kai, kuma PostgreSQL da MySQL ma ba mataki ɗaya suke farawa da shi ba. Magani shi ne a kulle layin asusun lokacin karantawa da SELECT FOR UPDATE, ko a haɗa dubawa da cirewa a umarni ɗaya, a ce a rage 8,000 in har ragowar ta kai hakan, sannan a duba ko layi ya canza. Wanda ya hango wannan matsala tun kafin a nuna masa ita ya riga ya yi rabin intabiyun. Wani ƙaramin abu da ake lura da shi a wannan tambaya: ba a ajiye kuɗi a lamba mai ɗigo, domin a kwamfuta 0.1 da 0.2 ba sa ba da 0.3 cif, sai 0.30000000000000004. Ana ajiye su a cikakkiyar lamba ta mafi ƙanƙantar kuɗi. Shi ya sa API ɗin Paystack ke karɓar naira a matsayin kwabo, na Stripe kuma dala a matsayin santi.

Daga rumbu sai API, wato ƙofar da sauran manhajoji ke bi su yi magana da saba. Salon REST, wanda Roy Fielding ya bayyana a kundin digirinsa na uku a 2000, har yanzu shi ya fi yawa, don haka ana sa ran mutum ya san bambancin GET da POST da PUT, ya san lambobin amsa. 401 na nufin ba a san ko wane ne ba, 403 an san shi amma ba shi da izini, 409 buƙatar ta ci karo da halin da ake ciki, 429 ya cika turo buƙata. API ɗin da ke mayar da 200 alhali a ciki ya rubuta “an samu matsala” yana wahalar da duk wanda zai yi aiki da shi.

Mafi muhimmanci a wannan fanni shi ne maimaici. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS, na'ura ta ce bai yi ba, alat kuma ya shigo cewa an cire kuɗi, ya san matsalar tun kafin ya san sunanta. Waya ta tura buƙata, saba ta aiwatar, amsa ta ɓace a hanya. Wayar ba ta da hanyar sanin buƙatar ce ba ta isa ba ko amsar ce ba ta dawo ba, sai ta sake turawa. In sabar ba ta gane wannan tsohuwar buƙata ce ba, an ciri kuɗi sau biyu. Maganin da aka saba shi ne kowace buƙata ta zo da mabuɗi na musamman da mai turowa ya ƙirƙira. Saba ta adana mabuɗin tare da sakamakon, in ya sake zuwa ta mayar da tsohon sakamako ba tare da ta sake aikin ba. Stripe yana yin haka da abin da ya kira Idempotency-Key. Mai tambaya nagari zai matsa: in buƙatun biyu masu mabuɗi ɗaya suka iso tare fa? Sai a koma kan rumbu, a sa sharaɗin cewa mabuɗi ba ya shiga sau biyu, rumbun ya zama alƙali. Matasan da suka rayu da netwok mai ɗaukewa suna da fifiko a nan, in sun san yadda za su mayar da abin da suka gani da ido ya zama bayani.

Tsaro ba a cika ware masa zama ba sai a wasu kamfanoni, amma kuskure ɗaya a cikinsa yana iya kashe magana. Ba a adana kalmar sirri yadda aka rubuta ta, ana niƙa ta da bcrypt ko Argon2. Ba a manna abin da mai amfani ya rubuta kai tsaye cikin SQL. Ba a barin mabuɗin sirri a GitHub. Jerin manyan haɗura goma na ƙungiyar OWASP karatun yamma ɗaya ne, kuma ya wadatar wa mai farawa.

Zaman zana tsari ana yi wa masu matsakaicin ƙwarewa da manya, ko da yake yanzu har masu farawa akan ɗan taɓa su. Ana ba da magana a dunƙule: zana manhajar gajarta adireshi, ko ta hira, ko ta tura sanarwa. Da gangan ake barin ta a dunƙule, don a ga ko mutum zai yi tambaya. A ce an ce ya zana shafin duba sakamakon jarrabawa. Kafin ya zana akwati ko ɗaya, ya kamata ya ji ɗalibai nawa ne, yaushe suke zuwa, sakamakon yana canzawa bayan an fitar ko a'a. A ɗauka miliyan ɗaya ne, rabinsu za su shigo a awar farko. 500,000 a raba da daƙiƙa 3,600 ya ba da kusan 140 a daƙiƙa. Amma ɗalibin da shafi ya ƙi buɗe masa ba ya haƙura, zai yi ta dannawa, don haka a ninka sau goma, 1,400. Wannan lissafin kan takarda shi ke nuna irin ginin da ake buƙata. Tunda karatu ne kusan zalla, kuma sakamako ba ya canzawa sai nadiran, ana iya shirya amsoshin tun kafin ranar, a zuba su a ma'ajiyar gaggawa kamar Redis, a sa sabobi da yawa bayan mai raba musu kaya, a ƙayyade yawan buƙatar da waya ɗaya za ta turo a minti. Saƙon tes da za a aika wa ɗalibai ba sai an tsaya jiransa ba, a jefa shi a layin saƙonni kamar RabbitMQ ko Kafka, wani ma'aikacin baya ya riƙa ɗauka yana aikawa.

Kowane ƙari yana da farashinsa, kuma faɗin farashin shi ne jarrabawar. In an gyara sakamakon wani ɗalibi, yaya za a goge tsohon daga ma'ajiyar gaggawa? In ma'ajiyar ta mutu ana tsakiyar cunkoso, duk kayan suka faɗo kan rumbu, zai ɗauka? In aka yi kwafin rumbu don karatu, kwafin yakan ɗan yi jinkiri, shin ɗalibi zai iya ganin tsohon bayani? A shafin sakamako jinkirin daƙiƙa biyu ba komai ba ne, a asusun banki kuwa babban abu ne. Ƙa'idar CAP, wadda Eric Brewer ya gabatar a 2000, Seth Gilbert da Nancy Lynch suka tabbatar a 2002, ita ke bayanin wannan: idan hanya ta yanke tsakanin sabobi, dole a zaɓa tsakanin ci gaba da amsawa da tabbatar da cewa kowa na ganin bayani ɗaya. Ambaton sunanta kaɗai ba ya ƙara maki, sai an nuna inda zaɓin ya faɗo a ginin da ke kan allo. Kuskuren da ya fi yawa a wannan zama shi ne ɗoki: a raba ƙaramar manhaja gida goma sha biyu don an ji haka Netflix ke yi. Saba ɗaya mai ƙarfi da PostgreSQL guda suna ɗaukar kaya fiye da yadda masu farawa ke zato, kuma injiniyan da ya ce “wannan bai kai a raba shi ba tukuna” ya nuna hankali. A ƙarshe akan tambayi yadda za a san abu ya lalace kafin jama'a su fara kira: rubutaccen tarihin abin da saba ke yi, ma'aunin jinkiri, da ƙararrawa. Littafin Martin Kleppmann na 2017, Designing Data-Intensive Applications, shi ne mafi amfani a wannan fanni, ko da yake ba a karanta shi a mako guda.

Zaman hali da mu'amala mutane ke rainawa, alhali yana kayar da ƙwararru. Amazon ya gina nasa kan ƙa'idojin shugabanci 16, kuma a zagayen ƙarshe akwai mai tambaya daga wani sashe daban da aka ɗora wa nauyin hana a sassauta ma'auni. Tambayoyin duk labari suke nema: lokacin da mutum ya saɓa da abokin aiki, lokacin da ya makara da aiki, lokacin da ya jawo ɓarna. Tsarin amsar da aka saba shi ne halin da ake ciki, aikin da ya hau kansa, abin da ya yi, da abin da ya biyo baya. Bahaushe ya ce yabon kai jahilci, kuma saboda wannan kunya matasa da yawa sukan ɓuya a bayan “mun yi, mun gyara”. Mai tambaya ba ƙungiyar zai ɗauka ba, mutum ɗaya ne, don haka yana buƙatar jin wane ɓangare hannunsa ya taɓa. Faɗin “ni na gano cewa indeks ne babu, ni na rubuta gyaran, abokina ya duba” shaida ce, muddin gaskiya ce. Tambayar ɓarna kuwa, wanda ya ce bai taɓa lalata komai ba an san ko bai yi aiki ba ko yana ɓoyewa. Ana son a ji abin da ya faru, yadda aka tsayar da shi, da abin da aka canza don kada ya sake faruwa. Zagin tsohon wurin aiki ba ya taimakon kowa, domin mai sauraro yana lissafin abin da za a faɗa a kansa gobe.

Aikin gida, in an bayar, a yi shi daidai faɗin da aka nema, a haɗa da gwaje-gwaje da takardar bayanin yadda ake kunna shi da abin da aka bari saboda ƙarancin lokaci. Game da kayan aikin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT da Copilot, wasu kamfanoni sun haramta, wasu sun yarda, don haka a tambaya tun farko. Ko an yarda, zama na gaba a kan kod ɗin zai kasance, kuma wanda bai san dalilin layinsa ba tambaya biyu ke fallasa shi. Akwai kuma haɗari na gaske a nan. A 2023 masu binciken tsaro na Palo Alto Networks suka bayyana wata damfara da ake kiran injiniyoyi intabiyun bogi, a sa su sauke wani aiki su kunna a kwamfutarsu, ashe manhajar sata ce a ciki. Duk aikin da ya zo daga wanda ba a tabbatar da shi ba, a kunna shi a keɓaɓɓen wuri. Kamfanin gaskiya kuma ba ya karɓar kuɗin fom ko na horo kafin ya ba da aiki.

Wanda zai yi intabiyu ta bidiyo daga Kano ko Maraɗi yana da ƙarin shiri da na Landan ba shi da shi. Kwamfuta ta cika da caji, layin data biyu na kamfani daban-daban, ɗaki nesa da ƙarar janareto, a kuma gwada Zoom ko Google Meet tun da rana. Lokaci ma yana ruɗarwa: agogon Najeriya da Nijar ɗaya yake da na Landan a lokacin zafinsu, yana gaba da awa ɗaya a lokacin sanyi, yana gaban na Kalifoniya da awa takwas ko tara. In lokacin da aka sa ya faɗo kan sallar Juma'a, neman a sauya abu ne da jami'an ɗaukar aiki suka saba da shi, a dai faɗa da wuri. In sabis ya ɗauke ana tsakiya, a dawo, a ba da haƙuri a jimla ɗaya, a ci gaba daga inda aka tsaya. Ba a auna karin harshe, ana auna ko an fahimci bayanin, saboda haka magana a hankali da gajerun jimloli ta fi sauri da ƙawa.

Kusan kowane zama yana ƙarewa da ba mai neman aiki damar tambaya. “Ba ni da tambaya” asarar dama ce, don shi ma yana tantance wurin da zai zauna. Yaya ake fitar da sabon kod, sau nawa a mako? Wa ke tashi da dare in saba ta faɗi, kuma yaya ake karɓa-karɓa? Ana duba kod ɗin juna? Sabon ma'aikaci wa ke riƙe hannunsa a watannin farko? Amsoshin sukan nuna ko wurin makaranta ne ko maƙabartar barci.

In tayi ya zo, a nemi a ga shi a rubuce, a karanta ba gaggawa. A duba ainihin albashi, da wane kuɗi za a biya, ma'aikaci ne mutum ko ɗan kwangila, domin ɗan kwangila shi ke ɗaukar nauyin harajinsa da lafiyarsa. In akwai hannun jari, tsarin da ya fi yawa a kamfanonin Amurka shi ne a mallaka shi a hankali cikin shekara huɗu, ba a samun komai sai an cika shekarar farko, kuma jarin kamfanin da bai shiga kasuwa ba ba kuɗi ne a hannu ba. Neman ƙari cikin ladabi, da dalili, abu ne da aka saba. In kuma an ƙi mutum, yawancin kamfanoni ba sa faɗin dalili, don haka ya rubuta wa kansa tambayoyin da aka yi masa da inda ya yi tuntuɓe tun suna ɗanye a kai. Manyan kamfanoni sukan bar wanda suka ƙi ya sake nema bayan wata shida zuwa shekara guda.